Tambaya da Amsa: Ni da maigidana za mu fara jan tirela tare

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna zaune a Amurka, kuma kwanan nan muka ci jarrabawar lasisin tuƙin manyan motoci, wato CDL ajin A. Burinmu shi ne mu riƙa jan tirela ɗaya, idan ɗaya yana tuƙi ɗaya yana hutawa. Kamfanin da ya ɗauke mu ya ce sai ya raba mu na wasu makonni, kowa ya bi mai koyar da shi, kafin a damƙa mana mota. Hankalina bai kwanta da wannan rabuwa ba, shi kuma maigidan yana ganin tunda lasisi ya shiga hannu, sauran za mu koya wa juna a hanya. Mu nemi wani kamfani ne ko mu haƙura? Me kuma ya kamata mu shirya wa?
Wata mai karatu daga Amurka

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya albarka a wannan sana'a da kuka sa a gaba. Shawarata ita ce ku haƙura ku karɓi horon, domin a wannan gaɓa ban goyi bayan maigidanki ba. Tun daga ranar 7 ga Fabrairun 2022 hukumar FMCSA, mai kula da lafiyar zirga-zirgar manyan motoci a Amurka, ta wajabta horon share fage kafin jarrabawa, amma dokar ba ta ƙayyade yawan sa'o'in da ɗalibi zai yi a kan sitiyari ba. Saboda haka mutum yana iya samun lasisi bai taɓa sauko da mota mai nauyin fam 80,000, wato kimanin tan 36, daga gangaren Donner da ke kan babbar hanyar I-80 a Kalifoniya ba, bai kuma taɓa ɗaura wa taya sarƙa cikin dusar ƙanƙara ba. Abin da ku biyun ba ku sani ba, babu mai koya wa wani.

Idan abin da ke damunki shi ne zama a mota ɗaya dare da rana da namijin da ba muharraminki ba, damuwarki tana kan hanya, kuma ba abin jin nauyin faɗa ba ne. Ki nemi a haɗa ki da mace mai koyarwa, ki kuma sa su rubuta miki hakan. Mata masu koyarwa ba su da yawa, don haka jiran yana iya yin tsawo, amma jira ya fi a tafi a kan abin da zuciya ba ta natsu da shi ba.

Dalilin da ya sa kamfanoni ke son direbobi biyu a mota ɗaya yana cikin dokar lokutan aiki. Direba ba ya wuce sa'o'i 11 yana tuƙi, waɗanda dole su faɗa cikin sa'o'i 14 daga lokacin da ya kama aiki, sannan sai ya huta sa'o'i 10 a jere. Akwai hutun minti 30 bayan tuƙin sa'o'i 8, kuma idan aikin ya kai sa'o'i 70 cikin kwana 8 tuƙi ya haramta sai an sami sarari. Tun watan Disambar 2017 na'ura ce ke rubuta duk wannan, kowannenku da nasa lissafin, kuma kada ɗayanku ya taɓa jan mota da sunan ɗayan ko da na mil biyar ne. Daga Los Angeles zuwa New York akwai kusan mil 2,800. Direba ɗaya sai ya haura kwana huɗu, ku kuwa za ku iya kaiwa cikin kwana biyu da 'yan kai.

Sai dai wannan lissafi yana tsayawa ne a kan abu ɗaya, wato barci, kuma nan ne sababbin direbobi suka fi shan wuya. Gadon yana bayan kujeru, labule kawai ya raba shi da mai tuƙi, motar tana jijjiga, duk ramin da taya ta faɗa sai ya taɓa haƙarƙarinki, duk birkin da maigidan ya taka sai kin buɗe ido kina tambaya ko lafiya. Wanda bai yarda da tuƙin abokinsa ba ba zai runtsa ba, wanda bai runtsa ba kuma shi ne zai karɓi sitiyari bayan 'yan sa'o'i. Wannan ma wani dalili ne na rabuwar, domin idan kowa ya dawo da hannunsa a faɗe, ɗayan zai kwanta da natsuwa. Ku tsayar da lokacin karɓa-karɓa guda kada ku riƙa sauya shi, misali daga ƙarfe uku na rana zuwa ƙarfe uku na dare, yadda daren zai rabu tsakaninku. Ku haɗa shan mai, wanka, salla da cin abinci a wannan tsayawar. Gadon sama ba wurin kwanciya ba ne idan mota tana tafiya, na ƙasan kuma a ɗaure ragar da ke kare mai barci daga faɗowa. Barci ɓarawo ne. Idan gyangyaɗi ya zo a tsaya, doka ma ta hana direba tuƙi cikin gajiyar da ke iya jawo haɗari.

Akwai wani kuskure da ma'aurata kan faɗa cikinsa saboda tausayi: mijin ya ɗauke duk ribas da shiga cikin gari, matar ta tsaya ga miƙaƙƙiyar hanya. Ranar da sa'o'insa suka ƙare a bakin ma'ajiyar kaya, ko zazzaɓi ya kwantar da shi, ke ce za ki cusa bodi mai tsawon ƙafa 53 tsakanin wasu tireloli biyu. Ki riƙa yin ribas ɗinki da kanki tun yanzu, shi ya sauka ya tsaya inda kike ganinsa a madubi, da zarar ya ɓace miki kuma ki taka birki. Ku kuma yi yarjejeniya cewa wanda ke riƙe da sitiyari shi ke da ta cewa a kan gudu, tsayawa da yanayin hanya, gyara wa juna kuskure kuwa sai an faka mota. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma cacar baki a kan gangara ba ta da wuri.

Game da kuɗi, yawanci ana biyan mota ne bisa yawan mil, a raba tsakanin direbobin biyu, don haka ku tambaya ko adadin da aka ambata muku na mutum ɗaya ne ko na ku biyun. Ku tuna cewa idan motar ta lalace, samun gidan gaba ɗaya ne ya tsaya, saboda haka ku ji nawa ake biya a ranakun gyara da na jiran lodi. Idan kamfanin ne ya biya muku kuɗin makaranta, ku karanta sharaɗin da ya ce za ku mayar da kuɗin idan kuka bar aiki kafin wa'adi, wanda sau da yawa yakan kai shekara guda, kuma kowannenku ya karɓi kwafin takardar da ya sa wa hannu.