Kuka da kauɗar da aka sa miki a gara

'Yata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce me ya sa aka cika miki gara da garin kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗa da daddawa, alhali a Abuja ba abin da kuɗi ba ya saya, har kina jin nauyin maƙwabta su gani. To, ba ƙauyanci ba ne, kuma ba rowa ba ce.

Mu da muka tashi, lokaci ne yake faɗa wa tukunya abin da za ta dafa. Ruwa na sauka tafasa za ta fito, ga rama, ga lalo, ga zogale ya yi lif. A cikin marka rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, ganyen nan shi ke riƙe gida: yau kwaɗo da ƙuli-ƙuli, gobe faten tsaki da yakuwa, jibi dambu. Kaka ta zo da sabon gero, wake, gyaɗa da kabewa. Bazara kuwa ta mangwaro ce da ɗorawa, kuma daga kalwar ɗorawar ake yin daddawar da kike kunyarta.

Shanya ita ce dabarar da ke haɗa waɗannan lokuta. Ki duba tumatir. Da hunturu, idan noman rani ya nuna a Kadawa da Kura, inda ruwan dam ɗin Tiga ke shayar da gonaki, kwanduna suke cika kasuwar Kwanar Gafan har manomi ya rasa mai saye. Daga Mayu zuwa tsakiyar damina kuwa sai mai hali. Kin tuna 2016, da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna? Kina 'yar makaranta lokacin. Gidanmu ba a fasa jar miya ba, domin tun watan Fabrairu mahaifiyarki da ni muka yanka kwando uku muka shanya. Irin wannan busasshen tumatir, wato kauɗa, shi ne ke cikin buhunki.

Amma shanya tana da ƙa'ida, a nan nake so ki buɗe kunne. Tumatir da tattasai da kuɓewa rana suke so, a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa, ba a bakin titi ba inda ƙura da hayaƙin mota ke sauka. Ganye kuwa, kuka ko zogale, inuwa yake so da iska. Idan rana ta buge shi sai korensa ya dushe, amfaninsa ya ragu. Shekarar da aka kai ni ɗaki na yi gaggawa, na ƙulle kuɓewa a leda ba ta gama bushewa ba, bayan sati biyu na tarar ta yi fumfuna, duka na zubar, na yi kuka sosai. Duk abin da ya yi fumfuna, musamman gyaɗa da masara, kada ki ce za ki wanke ki ci. Gubarsa hanta take taɓawa, wuta ma ba ta kashe ta.

Maganar daddawa, ban hana ki ɗanɗanon zamani ba, ni ma ina sawa. Sai dai dunƙulen nan gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, kin kuma san hawan jini yana danginmu. Ki daka daddawa da citta da masoro, ki sa dunƙule ɗaya a inda kika saba sa uku, ki ji yadda miyar kuka za ta tashi. Gero da dawa kuma a surfa su sama-sama, kada a mai da su fari fat, domin har da alherinsu ake zubarwa a dusa. Shinkafa da taliya ba laifi ba ne, amma kada su kori tuwo daga gidanki sati guda cur.

Kauɗar, ki jiƙa ta a ruwan ɗumi, ki wanke yashin sau biyu kafin markaɗe, ki haɗa da albasa mai yawa. Garin kukar ki juye shi a roba mai murfi, nesa da tururin murhu. Idan hunturu ya shigo ki faɗa mini ko kina da wurin shanya a gidan nan naku na bene, in babu zan yi miki a nan in ba kawunki ya taho miki da shi. Ki gaishe da maigidan.