Kafin ka kai mai kaya ƙara: yadda alƙali ke auna magana

Tambaya: Na sayi sabon firji, kwana tara ya daina sanyi. Mai kayan ya nuna mini "ba a mayar da kaya" a jikin rasit. Abokina ya taɓa cin irin wannan shari'a. In kai ƙara?

Amsa: Malam, alƙali ba ya farawa da wanda ya fi jin zafi. Abu ɗaya yake fara tsayarwa: aibin na jikin firjin tun ranar ciniki, ko a gidanka ya same shi? Daga nan ya nemo ƙa'ida. A dokokin ƙasashe da dama, dole kayan da ɗan kasuwa ya sayar su yi aikin da aka saye su dominsa, kuma rubutun rasit ba ya soke wannan haƙƙi. Fiƙihu ma ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya saboda ɓoyayyen aibi.

Wurin ɗora ƙa'idar a kan abin da ya faru ake faɗuwa, domin hujja na kan mai da'awa. Tanadi rasit, katin garanti, saƙon da ka sanar da mai kayan da kwanan watansa, da rubutaccen bayanin mai gyara kan musabbabin lalacewar. Amma kada ka bari a kwance firjin kafin mai kayan ya gani. Da zarar an kwance, zai ce ku kuka ɓata shi, ko wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona shi.

Shari'ar abokinka kuwa, kada ta ruɗe ka. Inda alƙalai ke bin hukuncin da aka yanke a baya, na babbar kotu ne ya zama dole ƙaramar kotu ta bi, shi ma sai muhimman abubuwan shari'o'in biyu sun yi kama.

Tambaya: Kyauta aka ba ni dutsen guga, ya ƙone mini hannu. Tunda ba ni na saya ba, shi ke nan?

Amsa: A'a, Hajiya. A 1932 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta duba ƙarar May Donoghue, wadda ta ce ta sami ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemon da aka saya mata. Alƙalai 3 cikin 5 suka ce kamfani na da alhakin kula da mai amfani da kayansa, ko da babu ciniki tsakaninsu. Naki aikin shi ne nuna sakacin kamfanin, da cewa sakacin ne ya jawo ƙunar. Adana dutsen yadda yake, ki karɓi takardar likita.