Amsa ga Hajiya: tarin da ya ƙi tafiya bayan maganin tarin fuka

Hajiya, sannu da jinya. Kin ce maigida ya shanye maganin tarin fuka na wata 6, an ce ya warke, amma har yau kowace asuba sai ya yi ta fitar da majina, shi ne kike tambaya ko ciwon ne ya dawo. Ni ba likita ba ce, amma na daɗe ina jinyar Mma a nan Aboabo ta Kumasi da irin wannan.

A fara da sake gwada majinar, don tarin fuka yakan dawo. Ku gaya wa likita ya taɓa shan magani, saboda gwajin majina na GeneXpert yana iya kama ƙwayar cutar ko da ta mutu. In an ce babu, ku nemi a tura ku asibitin Komfo Anokye wajen likitan huhu a ɗauki hoton CT. Da tsada, amma hoton ƙirji na yau da kullum yakan tsallake abin. Da CT aka gane ciwon Mma, ana ce masa bironkiyektasis.

Wato tarin fukan ne ya wuce ya bar hanyoyin iska na huhu sun buɗe sun saki, ba sa komawa yadda suke. Majina sai ta kwanta kamar ruwan kwata da ba ya gudu, ƙwayoyin cuta su samu gida, wurin ya ƙara lalacewa. Ƙyanda da nimoniya na ƙuruciya ma suna jawo shi. Bironkiyektasis ba a ɗaukarsa, kada a ware wa maigida kwano.

Yawancin binciken ciwon a ƙasashen Turawa aka yi shi. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Indiya da aka fitar a 2019: cikin marasa lafiya 2,195, kashi 35.5 cikin ɗari tarin fuka ne sanadin nasu. Wani bincike a New Zealand a 2012 ya nuna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta azithromycin sau uku a mako yana rage tashin ciwon. Don Allah kada wannan ya kai ku kemis. Sai an duba majina an tabbatar babu wasu ƙwayoyi 'yan uwan tarin fuka, an duba zuciya da kunne, in ba haka ba ƙwayoyin su saba da maganin a rasa na ba shi. A watan Agustan 2025 Amurka ta amince da brensocatib, maganin farko da aka yi wa wannan ciwon takanas. A gwajin mutum kusan 1,700 ya rage tashin ciwon da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Madalla, amma ban sa rai mu gan shi a Kumasi kwanan nan ba.

Abin da ya riƙe Mma shi ne kwashe majinar kullum, yadda masu gashin ƙashi na asibiti suka koya mana. Bayan sallar asuba, kafin ta sha koko, takan kwanta a gefe kan tabarma, ɓangaren da ke ciwon a sama. Ta ja numfashi a hankali har ciki, ta ɗan riƙe, sannan ta buɗe baki ta huro "haa" da ƙarfi. Kina jin majinar tana tahowa da kanta ba tare da tarin da ke kayar da mutum ba. Da yamma a sake. Maganin tsayar da tari kuwa mun daina shigo da shi gidan, don abin da ake so ya fita shi yake dannewa.

Ku tanadi farin kofi mai murfi, ki riƙa duba launin. In ta yi kore, ta yi kauri ko wari, ko zazzaɓi ya shigo, ku kai ta gwaji a san wace ƙwaya ce. Galibi maganin kwana 14 ake bayarwa, a shanye. Hunturu ya fi wahalar da masu wannan ciwon, sai a yawaita ruwa, a nisanta shi da hayaƙin gawayi da na maganin sauro. In kuwa kika ga jini da yawa, ko da tsakar dare ne ku nemi mota zuwa asibiti. Allah ya ba shi lafiya.