Kamfani zai iya kai ni kotu don na shuka waken da na ajiye?

Tambaya: Malam, ina sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau, kuma ina ɗan taɓa noma. Bara na shuka sabon waken nan da tsutsa ba ta ci, na ajiye iri. An ce a ƙasashen waje kamfani kan maka manomi a kotu kan haka. Nan ma zai iya faruwa?

Amsa: Alhaji, abin da aka gaya maka ya faru. Vernon Bowman, wani manomi a jihar Indiyana ta Amurka, ya sayi waken suya daga rumbun 'yan kasuwa, irin wanda ake kai wa dabbobi da masana'antu, ya shuka, ya yi feshi da maganin ciyawa, wanda ya tsira ya ajiye iri. Kamfanin iri na Monsanto, mai haƙƙin mallakar waken da maganin ciyawar ba ya kashewa, ya kai ƙara. Hujjar Bowman ita ce abin da ka saya da kuɗinka naka ne. A 2013 alƙalai tara na Kotun Ƙoli baki ɗaya suka ce naka ne ka ci ko ka sayar, amma shuka shi hayayyafa ƙirƙirar wani ce. Diyyar ta haura dala 84,000. A Kanada ma a 2004 kotu ta ce wani manomi, Percy Schmeiser, ya keta haƙƙin kamfanin, sai dai ba ta sa ya biya ko sisi ba, tunda bai ci ribar fasahar ba.

Nan gida lissafin daban ne. Idan wakenka SAMPEA 20-T ne, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019, ƙwayar halittar da ke kare shi daga tsutsar fure an samo ta ne ta hannun gidauniyar AATF, mai kai fasahar noma ga manoman Afirka, ba tare da kuɗin haƙƙin mallaka ba. Babu kamfanin da ke jiran kaso daga girbinka. Ban da haka, dokar haƙƙin ƙirƙira ta 1970 ta cire nau'o'in tsirrai daga abin da ake mallaka ta wannan hanya.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne rumfarka, ba gonarka ba. A 2021 an sa hannu kan dokar kare haƙƙin masu samar da sabon iri, kuma kasuwanci ta fi sa wa ido. Auna wa mai abinci wake a mudu ciniki ne na hatsi. Ɗura shi a leda, ka rubuta sunan irin, ka sayar wa manoma a matsayin iri, wannan kuma hurumin Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa ne, sai da rajista. Mutanenmu na raina wannan bambanci, ni kuwa a nan nake hango rigima.

In za ka sayi iri daga kamfani aka miƙo takarda, karanta kafin ka sa hannu, musamman sharaɗin ajiye iri. Masarar TELA kuwa, wadda ita ma aka sa wa ƙwayar halittar kariya daga tsutsa, aurarren iri ce, ko babu kotu, sake shuka abin da ka girbe zai rage maka buhuna.