Ta yaya laka ke nuna kurmin da ya shuɗe?

Malam, ka tambayi yadda ake sanin itatuwa da yanayin zamanin da ta hanyar lakar ƙasan tafki. Sirrin yana cikin ƙurar fure, wadda ke nutsewa shekara bayan shekara ba ta ruɓewa. A kan soka dogon bututu a ciro lakar, a auna shekarunta da gwajin kabon, sannan a ƙirga ƙurar kowane irin tsiro a madubin ƙara girma. Lakar tafkin Barombi Mbo a Kamaru ta nuna kurmi ya ja baya kusan shekara 2,500 da suka wuce.

Amma a kula: iska na kwaso ƙurar ciyawa daga nesa, itatuwan da ƙwari ke yi wa barbara kuwa kaɗan suke zubarwa. Fassarar sai masanin tsirrai.