Zan je kasuwar kifi ta babban birni: yaushe zan shiga, me zan lura da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan yi tafiya ƙasar waje hutu, kuma kowa yana ce mini kada in dawo ban leƙa babbar kasuwar kifin birnin ba. Ban san lokacin da ya dace ba, ban kuma san ko baƙo zai iya saya ya ci a wurin ba tare da ya jawo wa cikinsa matsala ba. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, wurin nan wurin aiki ne. Mutanen da za ka gani sun fito tun tsakar dare, suna tsere da lokaci domin hajarsu ba ta jira. Idan ka shiga da wannan a ranka, sauran duk mai sauƙi ne.

Batun lokaci, da asuba ake cin kasuwar kifi. Billingsgate ta Landan tana buɗewa ƙarfe 4 na asuba, kafin hantsi an watse. A Tokiyo, kasuwar Toyosu, wadda ta gaji sashen 'yan sari na tsohuwar kasuwar Tsukiji a watan Oktoban 2018, tana fara gwanjon kifin tuna wajen ƙarfe biyar da rabi. Ana kallo ta bayan gilashi, kuma dandalin da ya fi kusa da 'yan gwanjon sai wanda ya nema tun da wuri aka zaɓe shi ta hanyar ƙuri'a. Ranar Lahadi a rufe take, haka ma wasu Larabobin, saboda haka ka duba jadawalin kasuwar kafin ka tsara ranarka.

Idan ka samu ganin gwanjon, kada hayaniyar ta ɗauke maka hankali daga masu saye. Za ka ga mutum ya durƙusa gaban ƙaton kifi daskararre da aka yanke wa wutsiya, ya haska yankan da tocila, ya ɗan ƙwaƙulo tsoka ya murza tsakanin yatsu. Yawan kitse da launin naman yake aunawa, kuma da wannan ɗan murzawar zai yanke shawarar kuɗi masu yawa. A gwanjon farkon shekarar 2019 a Toyosu an sayar da tuna ɗaya mai nauyin kilo 278 a kan yen (kuɗin Japan) miliyan 333.6. Ni a ganina wannan natsuwar ta masu saye ita ce abin da ya cancanci sammakon.

Ka sa takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, domin daɓen jiƙe yake da narkakkiyar ƙanƙara. Ka bi gefe, ka ba masu tura kaya hanya. Kada ka taɓa kifin da ba ka saya ba, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum.

Sai batun ci, wanda nan ne na fi so ka natsu. Sabon kifi idonsa garau yake, ya ɗan turo waje. Ka roƙi mai kayan ya ɗaga maka murfin gefen kan: wurin numfashin ya zama ja, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. Idan aka danna jikinsa da yatsa, naman ya taso nan take. Ƙamshinsa na ruwan teku ne. Ƙarni mai hawa kai alama ce ta ya kwana biyu. Kuma ka duba ko a cikin ƙanƙara yake kwance. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tuna da danginsa idan suka daɗe cikin ɗumi suna tara wani sinadari mai suna histamin, wanda ke sa ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Ƙananan halittun teku masu ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa kamar baki, waɗanda ake sayarwa da rai, duk wanda ya buɗe baki aka ƙwanƙwasa bai rufe ba, ya mutu, a bar shi. Mai juna biyu da mai ciwon hanta da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su guji ɗanye gaba ɗaya. Idan jatan lande ko ƙaguwa sun taɓa tayar maka da ƙuraje, ka faɗa tun kafin a ɗora tukunya.

Wasu kasuwannin, kamar Noryangjin ta birnin Seoul, za ka sayi kifinka a ƙasa, a kai maka gidan abinci a bene a dafa, ka biya ladan dafuwa daban. Ka tambayi farashin kilo, ka ga an auna a gabanka, ka kuma ji kuɗin dafuwar kafin a sa wuƙa. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.