A mita 300 ba na ganin hujin harsashi: madubin ne, ko kyamara zan ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani sansanin farauta mai lasisi a dajin da ke kusa da gandun Binuwai, kudu da Garwa. Kafin baƙi su shiga daji sai an gwada saitin kowace bindiga a kan takarda, a mita 100, wani lokaci 200 ko 300. Ni ne mai zuwa in dubo takardar in dawo in faɗi inda harsashi ya faɗa. Maigidana ya kawo madubin hangen nesa mai ido ɗaya, an rubuta 20-60x80 a jikinsa. A mita 100 ina ganin huji sarai, amma a 300 ko na murɗa shi har ƙarshe ba abin da nake gani sai takarda tana rawa. Wani ya ce in ɗaura wayata a bakinsa, kyamara za ta ƙaro girma. Gaskiya ne, ko kuwa madubin ne ba shi da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya taimaka. Kada ka yi saurin ɗora wa madubin laifi, domin yadda ka kwatanta abin, iskar da ke tsakaninka da takardar ce take yi maka wasa da ido, kuma waya ba za ta raba ka da ita ba.

Mu fara da lambobin da ke jikinsa. Lamba 80 faɗin gilashin gaba ne a milimita, 20 zuwa 60 kuma yawan ninkin da yake kusanto da abu. Idan ka tsayar da shi a 40, takardar da ke mita 300 za ta zame maka kamar tana mita 7 da rabi. Harsashin 7.62 yana barin huji mai kaurin fensir, na .375 H&H da ake yawan ɗauka don ɓauna ya kai milimita 9 da rabi, sai dai takarda takan ɗan koma ta rufe bayan harsashi ya wuce, hujin ya ƙanƙance. To, mai lafiyayyen ido zai ga huji irin wannan a farar takarda daga mita 7 da rabi ba wahala. Ka ga a lissafi madubinka ya isa aikin har da rara. Abin da lissafin bai sa a ciki ba shi ne zafin ƙasarmu.

Da rana ta ɗaga, ƙasa takan yi zafi, iskar da ke kwance a kanta ta ɗumama ta tashi, tana cuɗanya da wadda ba ta kai ta zafi ba. Haske ba ya ratsa irin wannan iska a miƙe, sai ya riƙa ɗan karkacewa nan da can. Ita ce kawalwalniyar da kake hangowa a kan kwalta idan ka kama hanyar Ngaundere da tsakar rana. Mai harbi kuwa a zaune yake ko a kwance, layin ganinsa bai fi mita ɗaya daga ƙasa ba, wato daidai inda abin ya fi tsanani, kuma tun daga bakin bindiga har takarda a ciki yake tafiya. A mita 300 iskar da kake ratsawa ta ninka ta mita 100 sau uku, hujin kuma ya ragu a idonka sau uku. Ga shi lokacin farauta a wajenku rani ne, a watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40. In an riga an ƙona dajin, baƙar ƙasar da wuta ta bari ta fi ko'ina shan rana.

Madubi bai san takarda daban, iska daban ba. Duk abin da ke gabansa ninkawa yake yi. Da ka murɗa zuwa 60, rawar ma ka ninka ta 60. Akwai kuma asara ta biyu. Raba 80 da 60, za ka samu milimita 1.3, shi ne faɗin hasken da ke fitowa zuwa idonka. A ninki 30 kuwa ya kusa milimita 2.7, kusan daidai da buɗewar ƙwayar ido da rana. Shi ya sa hoton yake dusashewa a ƙarshen murɗi. Ni dai a zafi irin namu ba na ba kowa shawarar ya wuce 25 zuwa 35, sai in da sanyin safiya ne iska ta kwanta.

Saboda haka gyara na farko ba na kuɗi ba ne, na lokaci ne. A yi gwajin mita 300 tun fitowar rana, kafin ƙarfe takwas, a bar na mita 100 ya biyo baya tunda shi yana jure zafi. Kuma a kafa takarda ta fuskanci gabas, mai harbi ya fuskanci yamma, rana ta kasance a bayansa tana haska takardar. Ranar da ƙurar hunturu ta sauko sosai, irin wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi har gari ya yi fari, babu madubin da zai ratsa ta. Ranar a haƙura da nesa.

Gyara na biyu ita ce takardar kanta, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Baƙin huji a cikin baƙin da'ira ba ya ganuwa ko da madubi mai tsadar gaske. Ka samu farar takarda fes, ka yi alamar auna da launin ruwan lemo ko ja mai haske, ƙarama, ta yadda harsasai za su faɗa a fari. Kada ka manna ta a kan katako mai kauri. Ka ɗaure ta a kan firam ko kwalin da aka yanke tsakiyarsa, bayanta ya zama inuwa, sai hujin ya fito baƙi ƙirin a kan fari. Akwai takardun da ake sayarwa musamman, irin Shoot-N-C, baƙi ne a sama, inda harsashi ya taɓa sai fentin ya ɓare ya bar zobe mai launin rawaya wanda ya fi hujin girma. Baƙinku masu zuwa daga Turai da Amurka sun san su, ba su da nauyi a jaka, maigidanka zai iya roƙon su taho da su. Ka kuma ja layuka a takardar, tazarar santimita ɗaya ɗaya ko biyu biyu, domin daga madubi ka iya cewa harsashi ya yi hagu da santimita huɗu. Madubin da ke kan bindiga, na Turai da yawa in aka murɗa saitinsa ƙyas ɗaya, inda harsashi ke faɗawa yana matsawa santimita 1 ne a mita 100, na Amurka kuma galibi wajen milimita 7. A mita 300 sai a ninka sau uku.

Sai ƙafar da madubin ke tsaye a kai. Sau da yawa akan sayar da madubi tare da 'yar ƙafa uku ta roba mai rawa ko iska ce ta busa. A ninki 40 ko bugun zuciyarka yana isa takarda idan hannunka na kan madubin. Ka nemi ƙafa mai nauyi, kada ka zaro sandar tsakiya, ka rataya mata jakar yashi ko galan ɗin ruwa a ƙasa. Kada kuma ka ɗora ta a teburin da ake harbi a kai, ka ja ta baya da bakin bindiga, gefe guda.

Yanzu maganar waya. Wanda ya ba ka shawarar yana da rabin gaskiya. Kyamarar da ka ɗaura a bakin madubi abin da madubin ya gani shi za ta gani, ba ƙari. Jan hoto da yatsu biyu a fuskar waya buɗa shi kawai yake yi, ba ya kawo abin da babu. Amma tana da amfani ta wasu fuskoki, kuma ba ƙanana ba ne. Ba sai ka taɓa madubin ba, mutum uku za su kalla a lokaci guda, sannan idan ka ɗauki hoto kafin harbi da bayan kowane harbi, ba za a yi gardamar wane huji ne sabo ba. Mafi amfani duka shi ne bidiyo. Kawalwalniya ba ta tsayawa a hali ɗaya, a cikin daƙiƙa goma akwai ɗan lokacin da iska ke lafawa hoton ya fito tas, ido bai cika kama shi ba. Ka ɗauki bidiyo na daƙiƙa goma ko goma sha biyar, ka riƙa ja a hankali har ka tsaya a kan wanda ya fi fita. Masu ɗaukar hoton wata da taurari da irin wannan dabara suke aiki.

Riƙe waya da hannu a bakin madubi wahala ce kawai, sai ka sayi maƙalin da ake yi don haka, mai matse bakin madubin ya riƙe wayar. Idan wayarka mai kyamara biyu ko uku ce, ka rufe su ɗaya bayan ɗaya da yatsa ka gano babbar, ita za ka daidaita da tsakiyar gilashin. Wasu wayoyin sukan sauya kyamara da kansu idan ka ja hoto, fuskar ta yi baƙi ɗif, ka zaci wani abu ya lalace. Za ka ga baƙin zobe kewaye da hoton, ka ja kaɗan har ya fita, ka tsaya nan. Ka fara gyara madubin da idonka, sannan ka ɗaura wayar, ka danna takardar a fuskar waya ka riƙe har saitin kyamarar ya kulle a kanta, ka ɗan rage haske don kada farin ya cinye hujin. Wajen ɗauka kuma ka sa ƙidayar daƙiƙa uku, ko ka danna maɓallin ƙarar abin saurare na kunne, wayoyi da yawa suna karɓa. Ka yi wa wayar inuwa. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, ka ga a ranar Afrilu ta wajenku ba za ta daɗe tana bidiyo ba za ta rage haske ko ta tsaya.

Idan dole sai an yi harbin nesa da rana tsaka, ko an wuce mita 300, to a daina ratsa iskar gaba ɗaya, a kai kyamarar gun takarda. Akwai kyamarorin da ake yi don wannan, suna aiko hoto zuwa waya ta wifi ba tare da intanet ba. Ana iya haɗa irinta da kyamarar tsaro ta gida da batir, amma wifi na gida bai cika wuce mita 100 ba ko a fili, sai an ƙara eriya mai nuna waje ɗaya, irin su TP-Link CPE210 ko NanoStation, waɗanda masu haɗa intanet a gari suka sani. Eriyoyin biyu su ga juna, a ɗaga su a kan sanda kamar mita biyu ko fiye, domin ƙasa da doguwar ciyawa suna cin siginar. Kyamarar a ajiye ta mita uku zuwa biyar gaban takarda, ƙasa ƙasa, can gefe, a kare ta da buhun yashi, don wata rana wani zai yi kuskure. Kiran bidiyo tsakanin waya biyu ma yana yi, inda akwai sabis. A dajinku ka fi ni sanin yadda sabis yake. A ganina, sansanin da yawancin gwajinsa a mita 100 ne bai buƙatar wannan ɗawainiya. Farar takarda da sammako sun ishe ku.

Wani ɗan ƙari: kawalwalniyar da ke damunka ita ce kuma ma'aunin iska mafi kyau da kake da shi. Ka murɗa saitin madubin har abin da ke kaɗan kafin takarda ya fito da kaifi, ka kalli rawar. In tana tashi sama a miƙe, babu iska, ko kuma tana tahowa daga gaba ko baya. In ta karkata dama, iska dama take tura harsashi. In ta kwanta tana gudu, iska ta yi ƙarfi, a jira.

Tunda kai ne mai zuwa gun takarda, akwai abin da ya shafi ranka. Kada ka taka sai an cire harsashi, an buɗe bindiga, an ajiye ta, ka gani da idonka. Kada kuma ka yarda wani ya leƙa ka ta madubin bindiga wai yana duba huji, komai girmansa, baƙo ne ko maigida. Bayan takarda lalle a samu tudu ko gangaren da zai tare harsashi, domin na 7.62 yana iya tafiyar kusan kilomita 4, ga makiyaya da shanunsu suna ratsa dajin nan da rani. Kafin a fara, ka zagaya da madubin a ninki 20 ka duba bayan takardar da gefunanta. Kada ka taɓa nuna shi ga rana, ido ɗaya ne zai tafi nan take. In za ka yi tafiya da shi a hanya, ka riƙe takardar shaidar aikinka, ka bar shi a cikin jakarsa kusa da bariki, filin jirgi ko shingen jami'an tsaro, musamman in ka nufi wajen Marwa da Waza.

Gilashin kuma kada ka goge shi da bakin riga. Ƙurarmu akwai yashi a cikinta, gogewa a bushe tana kankare rufin da aka shafa wa gilashin, kuma ba ya dawowa. Ka fara hure ƙurar da abin hura iska na roba ko ka kaɗe ta da buroshi mai laushi, sannan ka goge da ƙyallen tabarau mai tsabta. In kana so ka tabbatar ko madubin lafiyarsa ƙalau, ka manna shafin jarida a mita 100 da sassafe, ka karanta shi a ninki 30, sannan a 60. In kanun labarai sun fito da kaifi kuma bakin haruffa bai yi shuɗi ko ja sosai ba, madubin ba shi da matsala. In ko a wannan sanyin ya kasa, to sannan ne za ka gaya wa maigidanka a nemi wani, kuma a nemi wanda aka rubuta ED a jikinsa, wato mai gilashin da ke rage wannan shuɗi da ja, ko da ninkinsa bai wuce 45 ba.